Zanen Murtala Ya Je Kwatano Ya Dawo

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. In na je gidan suna a ja ni gefe. In na shiga adaidaita mai tuƙi ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Malama, anya ba ke ba ce?" Ƙawayena kuwa ba sa bari in ajiye jaka. Kowa da irin labarin da ya ji, wasu ma sun fi ni sanin abin da ya same ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, in huta.

Sunana Rabi. Ina koyar da zane a wata makarantar kuɗi a Tarauni, muna zaune a Gyadi-Gyadi ni da maigidana Malam Auwalu da yaranmu. Katanga ce kawai tsakaninmu da Inna Tasalla mai waina, wadda ta zo daga wani ƙauye ta wajen Rano tare da ɗanta tilo, Murtala, mai tuƙa adaidaita. Bara masu ƙwacen waya suka tare shi da yamma, ya ƙi saki, suka soke shi. Ya cika a hanya, abokan aikinsa suka kawo shi gida. Ina tsaye a ƙofarmu na ga Inna ta zauna dirshan a ƙasa ta ce a ɗora mata shi a cinya. Murtala ƙato ne, ƙafafunsa har suna jan ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Hannu ɗaya ta tallafe ƙeyarsa, ɗayan kuma ta buɗe shi haka nan, kamar mai jiran a ba ta wani abu.

Hotunansa duk suna cikin wayar da aka tafi da ita. Bayan an share makoki ta shigo gidanmu ta ce, "Rabi, an ce kina zana mutum ya fito kamar zai yi magana. Fuskar yaron nan ta fara ɓace mini. Ki mayar mini da ita."

A daidai lokacin ne wata mata 'yar Kwatano, Madam Odil, mai ɗan gidan nuna zane-zane, ta ga ayyukana a intanet ta gayyace ni. Masu zane take tarawa daga ƙasashen nan namu, ta ba kowa hoton wani tsohon zanen addini na gwanayen Turawan da, ta ce ya sake shi da mutanen garinsu. Nawa na wani ɗan Italiya ne da ya mutu tun ɗaruruwan shekaru: uwa a zaune, gawar ɗanta a cinya. Kiristoci suna cewa Nana Maryam ce da Annabi Isa. Mu ba haka muka yi imani ba, ba a kashe shi ba, kuma ko da wasa ba zan zana fuskar Annabi ba. Har na rubuta mata ba zan iya ba, sai idona ya tsaya a kan hannayen matar. Ɗaya a ƙeya, ɗaya a buɗe. Sak yadda Inna ta riƙe Murtala.

Na nuna wa Inna, na gaya mata komai ban ɓoye ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe su ma haka suke riƙewa." Ta yarda. Ta riƙa zuwa bayan ta sauke tanda tana zauna mini a tsakar gida. Daga tsohon zanen ban ɗauki komai ba sai yanayin zaman da yadda haske ya sauko ta gefe. Sauran duk namu ne: mayafinta ruwan toka, tandar waina a baya, gefen adaidaita, tabon da ke girar Murtala, rigar ƙwallonsa, da silifa ɗaya da ya fita daga ƙafarsa. Da na gama Inna ta ce in kai shi ya ga duniya, tunda shi bai taɓa wuce Zariya ba, amma in dawo mata da shi.

Malam Auwalu bai hana ba, bai kuma ji daɗi ba. Ya ce, "Kin san abin da malamai suke faɗa a kan zanen mai rai. Ki je, amma da Yaya Sabi'u, kuma kada idon kowa ya faɗa kansa a unguwar nan kafin ya fita." Yaya Sabi'u yayana ne, yana sayar da atamfa a kasuwar Kwari, hanyar Kwatano kuwa kamar hanyar gidansu ce.

Muka naɗe zanen muka zura a cikin bututun roba irin na ruwa, muka toshe bakinsa. A tashar Unguwa Uku rigima ta fara. 'Yan kamasho suka ce a ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa, na ce sai dai a ɗaure ni tare da shi. Haka na shiga da shi, gindinsa tsakanin ƙafafuna, kansa yana dukan rufin mota duk ramin da muka faɗa. A gefena akwai wata Bayarabiya mai komawa gida da busasshen barkono, tana ta atishawa tana ba mu haƙuri. A gabanmu kuma wani Alhaji fari mai carbi, wanda tun kafin mu fita gari ya raba wa kowa dabino.

Bayan Kaduna muka iske shingen sojoji. Ɗaya ya leƙo, idonsa ya sauka a kan bututun, sai ya ja baya ya gyara riƙon bindiga. Ya ce kowa ya fito. Yaya Sabi'u ya fara bayani, sojan ya daka masa tsawa ya ce mai kayan ta buɗe da hannunta. Na zaro zanen na shimfiɗa a kan bonet, fasinjoji suka kewaye.

Alhajin nan ne ya fara magana. "Irin wannan ai a coci ake rataye shi. Na taɓa gani a Jos."

Yaya Sabi'u ya yi wuf ya ce, "Maƙwabciyarmu ce, Alhaji, da ɗanta da 'yan ƙwace suka kashe. Ga adaidaitarsa nan." Sojan bai kula su ba. Ya sunkuya yana kallon fuskar Murtala, ya tambaye ni da turancin buroka ko an kama waɗanda suka yi. Na ce a'a. Ya girgiza kai, ya rataya bindigarsa, ya kama mini gefe ɗaya muka naɗe. Alhaji kuwa daga nan bai ƙara yi mini magana ba. Da muka tsaya sallah da cin abinci a Lokoja, Yaya Sabi'u ya sayo soyayyen kifi ya miƙa masa, ya ce ya ƙoshi. Kifin nan har yau ina jin daɗinsa a baki, amma a ranar kaɗan na ci.

A Legas muka kwana a Agege, gidan wani abokin cinikin Yaya. Na kwanta da bututun a bayana, har matar gidan ta yi dariya ta ce ko zinare ne a ciki. Washegari muka kama hanyar Seme, inda iyakar ƙasa take. Shingayen wannan hanya ban iya ƙirga su ba, wani ma kana tsaye a wannan kana hango na gaba. Sai da na gaji da buɗewa da rufewa.

A kan iyaka wani jami'i ya ce kayan tarihi ne, ba a fita da su sai da izini. Na ce da hannuna na yi shi, fentin ma bai gama sakin wari ba. Ya sa farce zai kankare gefen fuskar Inna don ya gwada, ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Yaya Sabi'u ya zaro ido, domin riƙe hannun mai kaki a kan iyaka ba ƙaramin ganganci ba ne. Na saki da sauri, na nuna masa adaidaitar na ce, "Ranka ya daɗe, a zamanin da akwai wannan?" Abokin aikinsa ya tuntsire da dariya, shi ma ya murmusa ya ce mu wuce. Sai da muka shiga motar Kwatano Yaya ya ce, "Rabi, in kika ƙara irin wannan, a nan zan bar ki."

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk da riguna ruwan ɗorawa, in suka tsaya a danja kamar an watsa furen kabewa. Mata ma suna tuƙa nasu, da goyo a baya da kwandon kifi a gaba, ba mai ko waiwayensu. Na tuna yadda za a cika titi da kallo in mace ta hau babur ta bi ta Gyadi-Gyadi. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin hanya, da farko na ɗauka lemo ne. Kuma da rana ta take sai a rufe shaguna a tafi hutawa, abin da ɗan Kwari ba zai taɓa yi ba ko da zazzaɓi yake.

A unguwar Zango muka sauka, gidan Alhaji Ɗanjuma, mai saukar da fataken Kano. Kakansa ne ya zo daga Kano, shi bai taɓa taka ta ba, amma yana tambayar ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya kamar jiya ya baro su. Hausarsu akwai daɗi, sai dai kana tsakiyar fahimta su jefo Faransanci su bar ka a hanya. Matarsa, Hajiya Larai, ta karɓe ni kamar ƙanwarta. Ta ba ni tuwon masara mai tsami-tsami da miyar kifi ja wur, yajinta ya sa na yi hawaye tana dariya. Da safe burodi ne dogo kamar sanda, mai tauri, sai ka tsoma a shayi kafin haƙori ya shiga. Abin da na fi so shi ne cukunsu na nono da suke soyawa su jefa a miya.

Madam Odil doguwa ce mai furfura da gajeren aski. Da ganinmu ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu, ta juya za ta yi wa Yaya Sabi'u haka nan. Ya yi baya da sauri har ya ture wani benci, hannunsa a ƙirji yana ta "Sannu, sannu, Madam." Ta gane, ta ba da haƙuri. Da aka ɗaure zanen a katako aka rataye, ta tsaya a gabansa har sai da ta share ido. Ta manna ƙaramin hoton tsohon zanen a gefe don mai kallo ya kwatanta. Na so in ce ta cire, na ji nauyi na fasa.

Ranar buɗewa gidan ya cika. Wani ɗan Gana ya zana mutane a jere suna cin abinci a rumfar mai tuwo, wata 'yar Togo ta zana iyali suna gudun hijira a kan babur. Ana ta zagayawa da giya a faranti, ni da Yaya muka riƙe kwalaben lemo muka rakuɓe a gefe. Can sai ga wata tsohuwa da farin ɗankwali, da alama daga coci take. Ta bi zanukan ɗaya-ɗaya, da ta iso nawa ta tsaya. Ta ajiye jakarta, ta durƙusa, ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu irin yadda suke yi. Ta ciro ɗan guntun kyandir ta kunna a ƙasa.

Na ce, "Innalillahi." Na ruga na kamo Madam Odil na ce ta gaya mata ta tashi, wannan ba wadda take zato ba ce, maƙwabciyata ce mai waina, Musulma, tana nan da ranta a Kano. Madam Odil ta sunkuya ta faɗa mata. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni ta yi magana a hankali.

Madam Odil ta ce, "Ta ce ta sani. Ta ga tandar. Ta ce ba ga zanen take roƙo ba, matar take roƙa wa sauƙi."

Na taimaka mata ta miƙe, na hure kyandir ɗin da kaina. Da na juya na ga wayoyi a sama, samari suna ɗauka. Na ce wa kaina ina Kwatano ina Kano.

Ba a yi kwana biyu ba, ina shan shayi da safe Malam Auwalu ya kira. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Rabi, me kika yi a can?"

Ya turo mini. Bidiyo ne gajere, an ɗauka daga baya: tsohuwa a durƙushe, kyandir yana ci, zanen a sama dishi-dishi ba a gane fuska, hoton tsohon zanen a gefensa, sai ni a tsaye da hijabina. An yanke kafin in hure wutar. Tare da shi akwai saƙon murya, wani saurayi yana cewa wata malama 'yar Gyadi-Gyadi ta zana Annabi Isa ta kai wa coci a ƙasar waje, ga shi ana yi masa sujada. Ya faɗi sunana, ya faɗi layinmu. Yadda bidiyon ya iso Kano har yau ban sani ba. Zango cike yake da 'yan Kano masu zuwa da komawa, waya kuma ba ta san iyaka ba.

Malam Auwalu ya ce samari sun taru a ƙofar gida, an jefi taga, sai da Mai Unguwa ya fito da kansa suka watse. Ya kwashe yara ya kai gidan yayarsa a Daurawa. Makaranta sun kira sun ce in dakata da zuwa. Na ce ya kira Inna Tasalla ta faɗa musu gaskiya mana. Ya ce Inna ta tafi ƙauye ta'aziyya, ba ta da waya. Na ce ya nuna musu hoton zanen da ke wayarsa. Ya ce ya nuna, sun ce wani daban ne na yi don rufa-rufa.

"Liman da Mai Unguwa sun ce a kawo ainihin wanda aka durƙusa wa, su gani da idonsu. Sun ce za su riƙe mutane, amma ba su san iya tsawon da za su iya ba."

Yaya Sabi'u ya ce a bar zanen a nan, in aka kama mu da shi a hanya kafin mu yi bayani an gama da mu. Alhaji Ɗanjuma ya ce in zauna a gidansa har ƙura ta lafa, ko wata nawa ne. Madam Odil ta zo har Zango tana ta ba da haƙuri, ta ce laifinta ne da ta manna hoton, ta ce za ta yi bidiyo ta yi bayani. Na ce, "Madam, bayaninki da Faransanci ba zai tsallaka titin Zariya ba." Na dubi Yaya na ce yarana suna can, mijina yana kwana shi kaɗai a gidan da aka jefa, kuma na yi wa Inna alkawari. Ya ce, "To tashi ki haɗa kaya."

A ranar muka sauke zanen, ana tsakiyar nuni. Yaya ya cusa bututun a tsakiyar dilar atamfarsa aka ɗinke. Hajiya Larai ta ba ni niƙabinta ta ce, "Ki sa, ba don ibada ba, don ido." Ta cika mini leda da soyayyen cuku, ta raka mu har bakin titi tana addu'a.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta har Abuja, sai cewa ban ci ba, ban runtsa ba. A Abuja muka canza mota. Mun wuce Kaduna kenan wani saurayi da ke bayana ya kunna wayarsa da ƙarfi, sai na ji muryar nan tana faɗin sunana. Motar ta ɗauka. Wannan ya ce ai an ce daloli aka ba ta. Wancan ya ce mijin ma da saninsa. Direba ya ce shi da zai ɗauko irinta da a daji zai sauke ta. Wanda ya kunna ya faɗi abin da ya kamata a yi mini, ba zan maimaita shi ba. Gwiwarsa tana taɓa bayan kujerata yana faɗa.

Yaya Sabi'u ya kafa ido a kan titi, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ni kuwa gumi yana bin cikin niƙabi, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, mai kwandon kaji a ƙafa, ta juya ta ce, "Ku duk a cikinku wa ya ga zanen da idonsa?" Aka ce ai ga bidiyo. Ta ce, "Ni ban ga komai a ciki ba sai ƙeyar tsohuwa." Aka yi mata caa. Ta taɓe baki, ta zungure ni ta ce, "Ko ba haka ba, 'yar nan?" Na gyaɗa kai kawai, don na san in na buɗe baki kuka ne zai fito.

Ba mu yarda mun shiga tasha ba. A Na'ibawa muka sauka, inda Malam Auwalu yake jira a motar wani abokinsa. Ya rame. Ya ce jiya ya je har ƙauye ya ɗauko Inna, tana gidan Mai Unguwa.

Bayan la'asar aka zauna a zauren Mai Unguwa. Ta ƙofar baya aka shigar da ni. Liman yana kan buzu, dattawa a jere, samari sun cika ƙofa har waje, ina jin gunaguninsu. Aka zaɓi kaɗan daga cikinsu suka shigo, a gabansu wani mai suna Nafi'u, ɗan adaidaita. Da ya yi sallama na gane muryar. Ita ce ta cikin saƙon.

Yaya Sabi'u ya farke dilar, ya zaro bututun. Ni da shi muka shimfiɗa zanen a kan tabarma. Mai Unguwa ya sa tabarau ya sunkuya, ya ɗago ya dubi Inna da ke zaune a lungu, ya sake duban zanen. Wani dattijo ya ce, "La ilaha illallahu. Wannan ai Murtala ne." Maganar ta fita ƙofa, na ji tana tafiya baki-baki, gunagunin yana mutuwa.

Nafi'u ya ce, "Ba shi ba ne. Canzawa aka yi." Amma muryarsa ta sauka. Liman ya ce a kunna bidiyon a riƙe kusa da zanen. Aka kunna. Ko a dishi-dishin ana ganin rawayar adaidaita a kusurwa ɗaya da baƙin tanda a ɗayar.

Sai Inna ta taso. Ba ta dubi Liman ba, Nafi'u ta nufa.

"Kai, dube ni. Ba kai ka riƙo kafaɗunsa ba ranar? Ba kai na ce wa ɗora mini shi ba? Yanzu an nuna maka shi ka ce ba ka san shi ba?"

Nafi'u ya durƙusa a gefen tabarmar. Ya kai hannu kamar zai taɓa rigar ƙwallon, ya fasa. Ya ce, "Tare muka sayo ta a Sabon Gari." Daga nan ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Liman ya gyara murya. Ya ce kowa ya shaida wannan ba Annabi ba ne, ɗan unguwa ne da uwarsa, kuma wanda ya yaɗa magana bai bincika ba ya kusa ɗaukar alhakin rai. Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma Malama, kada ki ɗauka na wanke zanen. Ban ce zana mai rai ya halatta ba, kuma kin ga inda kwaikwayon abin wasu ya kai ki. Kada a rataye shi a ko'ina a unguwar nan." Na ce na ji, Malam. Akwai abin da na so in faɗa, amma ba ranar faɗarsa ba ce.

Aka sa Nafi'u ya yi sabon saƙo a nan take, ya faɗi sunansa, ya ce ƙarya ya yaɗa. Inna ta naɗe zanen da hannunta, ta ƙi bari kowa ya taya ta, ta saɓa bututun a kafaɗa ta ratsa samarin nan suka dare mata. Yana ɗakinta yanzu a bayan gado. Ta ce ranar da ta ji fuskar tana gushewa takan rufe ƙofa ta buɗe shi.

Saƙo na biyu bai yi tafiyar na farko ba. A Gyadi-Gyadi an sani, amma har yanzu akwai masu sauya hanya in sun hango ni a Unguwa Uku. Makaranta sun ce in ƙara haƙuri sai iyayen yara sun manta. Ina gida, ina koya wa 'yan mata zanen fulawa a kan zannuwan gado.

Nafi'u kuwa, tun da yara suka dawo daga Daurawa, kullum da safe sai ya faka adaidaitarsa a ƙofarmu ya ce zai kai su makaranta. Malam Auwalu ya ce in bari, yaron neman hanyar tuba yake. Na ce na yafe, amma ban iya miƙa 'ya'yana ga muryar da ta faɗi layinmu ba. Kullum sai in ce mun gode, in riƙe hannunsu mu taka zuwa titi. Shi kuma gobe ya dawo.

Shekaranjiya ina kulle ƙofa, autata ta ƙwace ta haye adaidaitar Nafi'u ta zauna, yayyenta suka bi ta. Nafi'u bai tayar ba. Ya riƙe kan mashin yana kallona, yana jira. Na daɗe a tsaye da mukulli a hannu. Sannan na ce, "Ka bi a hankali, akwai rami a kwanar masallaci."